Nasiha Ga Samarin Da Suka Ɗaura Niyyar Ta Da Tsohuwar Bitil

Ya ku samari, duk wanda ya saba ratsa tsofaffin unguwannin ma'aikata na Kaduna da Zariya da Kano, ko ya saba leƙa bayan garejin bakin hanya, ba zai rasa ganin wata 'yar ƙaramar mota mai doro ba, ƙirar Volkswagen wadda muke kira Bitil, tana zaune a kan duwatsu ko a kan tayoyin da suka daɗe da sacewa, ƙura ta rufe gilasanta, kaji suna kwana a ƙarƙashinta. A 'yan shekarun nan kuwa na lura wasu daga cikinku, saboda hotunan da suke gani a waya na ire-irenta waɗanda mutanen Jamus da Meziko da Barazil suka gyara har suna ɗaukar ido, sun fara sha'awar janyo su gida don su ta da su da hannunsu. Wannan sha'awa ba abin zargi ba ce, abin yabo ce ma, domin saurayin da ya ba da yammacinsa ga sifana da tsumma ya ribaci lokacinsa fiye da wanda ya ba da shi ga zaman kashe wando. Sai dai da yake aiki ne wanda ake shigarsa da murna, sau da yawa kuma a bar shi a tsakiya da hasarar kuɗi da ɓacin zuciya, wani lokaci ma ya kai ga hasarar rai, na ga ya wajaba a kaina in rubuta muku abin da na sani game da shi. Nasihar tawa kuwa ba ta wuce abu guda ba, ko da yake rassanta suna da yawa: aikin nan na tartibi ne, wanda duk ya gabatar da abin da ya kamata a jinkirta, ya jinkirta abin da ya kamata a gabatar, to, kome dukiyar da ya kashe, abin da zai samu a ƙarshe shi ne mota mai kyawun gani wadda ba a amince mata da rai.

Ya kamata ku san asalin abin da kuke shirin sa wa hannu. An zana wannan mota a Jamus cikin shekarun 1930, a ofishin injiniya Ferdinand Porsche, bisa umurnin gwamnatin Hitila wadda ta nemi motar da talaka zai iya saye. Aka kafa mata masana'anta a 1938 a wurin da ake kira Wolfsburg yanzu, amma Yaƙin Duniya na Biyu ya hana ta isa hannun jama'a, sai bayan an ƙare shi a 1945, sa'ad da wani hafsan sojan Ingila, Manjo Ivan Hirst, ya tsaya aka share kangon masana'antar aka shiga ƙera ta. Daga nan ta bazu a duniya, har a 1972 yawanta ya zarce na tsohuwar Ford Model T, ba a kuwa daina ƙera ta ba sai ranar 30 ga Yuli 2003, a garin Puebla na Meziko, bayan an yi fiye da miliyan 21. A nan Nijeriya an fara harhaɗa ta a Legas a 1975, shekarar da aka fara harhaɗa Fijo a Kaduna, lokacin da ƙarin albashin da ake kira kuɗin Udoji ya shiga aljihun ma'aikata, shi ya sa malaman makaranta da akawuna da ma'aikatan asibiti da yawa ita ce motarsu ta farko. Fa'idar wannan tarihi gare ku ita ce, motar da aka yi da yawa haka har yanzu ana samun kayanta, kuma an gina ta ne da sauƙi da gangan, don mai ita ya iya kula da ita ko yana nesa da bakanike. Amma sauƙin nan an kai gare shi ne da lissafi mai zurfi, har ya zama babu wani guntun ƙarfe ko roba a jikinta da aka sa shi banza.

Tun kafin a taɓa noti ɗaya, sai a tabbatar da halaccin mallaka. Da yawa daga cikin motocin nan na mamata ne, motar kuwa da mahaifi ya rasu ya bari, ko ta shekara ashirin a yashe babu mai waiwayarta, tarika ce, haƙƙin dukan magada, har da matan mamacin da 'ya'yansa mata da marayu ƙanana. Ba ta zama ta ɗan da ya fi sha'awarta don kawai shi ya fara janye ta. Abin da yakan faru shi ne, muddin tana kwance kowa ya yi shiru, ranar da ta tashi ta yi daraja sai kowa ya tuna da rabonsa, zumunci ya lalace a kan abin da da farko ba zai kai kuɗin rago ba. Hanyar kuɓuta ita ce a tara magada tun da wuri, a kira wanda ya san kasuwa ya yi mata ƙima a yadda take, a biya kowa nasa ko ya yafe da bakinsa a gaban shaidu, a rubuta. In kuwa saye za ku yi a waje, ku nemi takardunta, ku ɗaga kujerar baya ku karanta lambar da aka buga a kan tudun ƙarfen da ya ratsa tsakiyar motar, ku gwada ta da abin da ke cikin takarda harafi da harafi. In suka saɓa, ku haƙura da ita kome arharta.

Daga nan sai duba, a nan ne kuma mafi yawan masu farawa suke ruɗuwa, domin idonsu yana tafiya ga fenti da fitilu da kujeru, alhali hukuncin tsohuwar Bitil a ƙasanta yake. Ginin motar kashi biyu ne: akwai faffaɗan farantin ƙasa wanda injin da giya da ƙafafu suke jikinsa, akwai kuma bodi wanda aka ɗora a kai aka ɗaure da kusoshi. Ku tafi da tocila da sukudireba da ɗan maganaɗisu, ku cire tabarmar ƙasa gaba ɗaya, ku fara da wurin da batir yake zama a ƙarƙashin kujerar baya ta dama, domin ruwan batir yakan zuba a nan shekara da shekaru ya cinye ƙarfen, har a wasu motocin in kun leƙa sai ku hangi ƙasa. Sa'an nan ku durƙusa ku bi dogayen bututun ƙarfe guda biyu da suke ƙarƙashin ƙofofi, kuna danna su da bakin sukudireba taki-taki. An yi bututun nan ne don su kai iska mai ɗumi ga ƙafafun direba a ƙasar sanyi, wanda ya sa wasu a nan suke ɗaukarsu abin da ba mu da bukata, alhali su ne ƙashin da ke riƙe da bodin duka. In suka ruɓe sai ƙofa ta riƙa saukowa, sai an ɗaga ta kafin ta rufu, wannan kuwa alama ce da ba ta ƙarya. Maganaɗisun kuma ku bi da shi gindin ƙofofi da bayan tayoyi: inda ya kama ƙarfe ne, inda ya sulale fila ce aka cika rami da ita aka shafe da fenti. A ƙarshe ku buɗe murfin baya, ku kama babban fulin da ke ƙasan injin da hannu biyu, ku ja shi ku tura. In kuka ga motsinsa da ido, ko kuka ji ya ce ƙwas, cikin injin ya ci, sai an buɗe shi. Injin da ya mutu ana ta da shi da kuɗi sananne, amma bodin da tsatsa ta gama da shi rijiya ce gaba dubu, don haka mota mai lafiyayyen ƙasa da mataccen inji ta fi mai ƙarar inji da ruɓaɓɓen ƙasa nesa ba kusa ba.

Game da wurin aiki, ku nemi izinin iyaye da yardarsu kafin ku shigo da ita, domin za ta mamaye tsakar gida ko ƙofar gida watanni, watakila shekaru. Ku kuma kiyaye haƙƙin maƙwabta, kada a buga guduma lokacin ƙailula ko bayan isha'i, kada a tare hanya, kada a zuba baƙin mai a kwata inda zai bi ruwa ya shiga rijiyar wani. Wani sharaɗi kuma wanda ba ni sassautawa a kansa: kada ɗayanku ya shiga ƙarƙashin mota tana kan jek kaɗai, kada kuma ya tokare ta da bulon siminti, domin bulo yakan fashe farat ɗaya ba tare da gargaɗi ba, a samu ƙafafun ƙarfe da aka yi don haka ko kututturen katako mai kauri, a tare tayoyi, a girgiza motar da ƙarfi a ga ba ta motsa ba, tukuna a shiga. Kada ku wargaza ta duka a mako ɗaya don zumuɗi. Duk abin da za ku kwance ku ɗauki hotonsa tukuna, ku zuba kusoshinsa a leda ku rubuta sunan wurinsu, ku ajiye littafi guda na abin da aka cire da abin da aka saya da kuɗinsa. Motocin da suka ƙare a hannun 'yan gwangwan da yawansu ba tsatsa ta kai su can ba, kwando ne na kusoshi da aka gauraya, mai su ya manta mazaunin kowanne.

To, da wanne za a fara? Malaman usulu, musamman Imam Shaɗibi na Andalus, wanda ya rasu a shekara ta 790 bayan Hijira, a littafinsa Muwafaƙat, sun kasa maslahohin bayi daraja uku: laruri, watau abin da in babu shi rayuwa ta ɓaci, da na bukata, abin da rashinsa yake jawo ƙunci da wahala, da na kyautatawa, abin da yake ƙara ado da kamala, kuma sun tabbatar cewa ba a sarayar da na sama don a tsare na ƙasa. Ba ina nufin in mai da gyaran mota babin fiƙihu ba ne, amma tsare rai yana cikin laruran da suka ambata, mota kuwa abu ce mai ɗaukar rai a cikinta, mai ratsa rayuka a kan hanya, don haka ma'aunin nan ya hau kanta daidai. Birki da sitiyari da taya da tiyon fetur da ƙarfin ƙasan mota su ne laruri. Inji da giya da wayoyin wuta su ne bukata. Fenti da kujeru da rediyo su ne kyautatawa. Abin baƙin ciki, yawancin samari daga ƙarshe suke karanto wannan jeri.

Birkin Bitil yawanci na duram ne, kuma motar da ta daɗe a tsaye ba a gyara birkinta, sabunta shi ake yi. Man birki yana shan danshin iska, ya tsatsar da masta da ƙananan silindojin ƙafafu daga ciki. Tiyon roba kuma yakan kumbura ta ciki yana nan sumul ta waje, ya bar mai ya tafi ya hana shi dawowa, ƙafa ɗaya ta riƙe, mota ta fizge gefe. Duk waɗannan a canja su, kada a tsaya ciniki da su. In kun buɗe duram kada ku hura ƙurar da baki ko da iska, ku jiƙa tsumma ku share, domin tsofaffin lainin birki da asbestos aka yi su, ƙurarsa kuwa tana zama a huhu ta haifar da cuta bayan shekaru. Babban notin ƙafar baya, wanda sifana mai lamba 36 take kamawa, yana son ɗauri mai tsanani ƙwarai, a kuma soka masa sabon fil ɗin da ke hana shi warwarewa. Taya ma kada zanenta ya ruɗe ku. A gefenta akwai lambobi huɗu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, tayar da ta tsufa a rana kuwa ko ba ta taɓa taka kwalta ba ta mutu.

Sai batun wuta, wadda ita ce ajalin Bitil da yawa a ko'ina cikin duniya. Tankin fetur yana gaba, injin yana baya, bututun ƙarfe ya ratsa tsakiya, a bakinsa biyu akwai guntayen tiyo na roba waɗanda suke bushewa su tsage. Kafireta kuma tana zaune ne a saman injin, kusa da kwel da wayoyin fulogi, ta yadda ɗigon fetur kaɗan ya isa. Akwai ɗan bututun tagulla da aka cusa a jikin kafireta inda tiyo yake shiga, wanda yakan yi sako-sako da tsufa, musamman in an rataya masa filtar mai tana lilo. Ranar da ya fita, famfo zai ci gaba da fesa fetur a kan inji mai zafi. Ku ja shi da yatsa ku ji, ku sabunta kowane tiyo ku ɗaure bakinsa da kilif, filtar kuwa a mai da ita wajen ɗakin injin. Ku duba 'yar robar da ke kewaye da bututun fetur inda ya huda farantin gaban inji, domin in babu ita ƙarfe yana goga ƙarfe har ya huje. Ku rufe kan batir, saboda wayoyin kujerar baya suna iya taɓa shi in mai nauyi ya zauna. Ku sani kuma kaskon injin nan da gaurayen magnesiyam aka zuba shi, ƙarfen da in ya kama wuta ruwa ba ya kashe shi, don haka tukunyar kashe gobara ta gari tana cikin kayan da za ku saya tun ranar farko. In aikin walda ya zo kusa da tanki, a cire tankin a kai shi nesa, domin tankin da babu mai a cikinsa sai tururi ya fi cikakke haɗari.

Yanzu mu zo ga injin, inda nake so ku fi natsuwa, domin a nan ne hikimar maƙeran motar take, a nan ne kuma jahilci ya fi yi mata ɓarna. Bitil ba ta da lagireto, ba ta shan ruwa, iska ce kaɗai take sanyaya ta. Silinda huɗu ne kwance, biyu dama biyu hagu, jikinsu duk ɓaraka-ɓaraka don iska ta ratsa. Fambel guda ɗaya yana juya dinamo, a bayan dinamon akwai fanka cikin wani gida na farantin ƙarfe, tana zuƙo iska daga sama tana tura ta ƙasa ta cikin ɓarakan nan. Farantan da suke kewaye da injin, da doguwar robar da ta toshe tsakaninsu da bodi, aikinsu shi ne su raba iskar sama mai sanyi da iskar ƙasa wadda ta riga ta ɗauki zafi. In aka cire guda ɗaya, ko robar ta yage aka bar ta, sai fanka ta koma zuƙar iskar da ta fitar, injin ya riƙa dafa kansa sannu a hankali, ba tare da wani geji ya faɗa wa direba ba. Sau da yawa za ku tarar wani bakanike a baya ya cire farantan nan ya jefar don su daina tare masa hannu, yana cewa ai injin ya fi shan iska a buɗe. Wannan kuskure ne babba, kuma a ƙasar da zafin bazara yake haura digiri 40, kamar Sakkwato da Maiduguri, kuskure ne mai kashe inji. Ku nemo kowane faranti ku mai da shi mazauninsa, har da ƙanana biyun da ake maƙalawa a ƙarƙashin silindoji, waɗanda ba a ganinsu sai an kwanta. Kafin ku ta da injin da ya daɗe a kwance, ku buɗe gidan fankar ku share, domin ɓeraye sukan yi sheƙa a ciki da tsummoki, zanzaro kuma ya gina ɗakinsa na laka a tsakanin ɓarakan silinda ya toshe su. Ku zubar da tsohon fetur, ku ɗiga ɗan mai ta ramin fulogi, ku juya injin da sifana tukuna kafin ku ba shi wuta. In kuna tafe fitilar caji ta kama, ku tsaya nan take ku duba fambel, domin in ya tsinke fanka ta tsaya, 'yan mintoci kaɗan sun isa su ƙone injin.

Ibadar yau da kullum ta wannan inji, in an yarda in faɗa haka, abu biyu ce. Na farko setin tafet, wanda ake yi injin yana sanyi bayan ya kwana, a bar tsakani milimita 0.15, in ya matse, bawul ba ya zama sosai a mazauninsa ya sauke zafi, sai ya ƙone, wanda ya fi saurin ƙonewa kuwa shi ne na silinda ta uku, ta hagu wajen gaba, domin a tsofaffin injuna na'urar sanyaya mai tana tsaye a gabanta tana ba ta iska mai ɗumi, har sai a 1971 da aka matsar da ita gefe. Na biyu canjin mai: lita biyu da rabi kacal injin yake ɗauka, ba shi da filta sai rariya, man kuma yana taya iska aikin sanyayawa, shi ya sa aka ƙayyade canja shi duk kilomita 5,000, a ƙurarmu ma gara a rage.

Amma batun sauye-sauye, wanda na san shi ne ya fi jan zuciyarku, ba na hana ku, sai dai ina gindaya muku ƙa'ida: kada ku canja wani abu sai kun iya faɗin dalilin da ya sa aka yi shi yadda yake, da kuma abin da zai taɓu in an canja shi. Akwai sauyin da shi kansa kamfanin ya yi daga baya don ya ga alheri a ciki, kamar mai da wuta daga bolt 6 zuwa 12, da masta mai hanya biyu wadda in tiyo ɗaya ya fashe ƙafa biyu suna nan da birki, da birkin faifai a gaba, da bel na kujera. Waɗannan duk wanda ya sa su a tsohuwar mota ya kyauta. Haka nan ƙara filtar baƙin mai, da sa na'urar lantarki a madadin kwantak, da sabunta wayoyin da suka ƙeƙashe tare da fiyus daidai ƙa'ida, duk ƙari ne mai amfani.

Akwai kuma sauyin da asalinsa riya ce da kwaikwayo. Mutanen Kalifoniya da suka yanke fukafukan Bitil suka ɗaga ta a ƙarshen shekarun 1960 sun yi haka ne don tseren hamadar Baja, kowane yanka da suka yi amsa ce ga wata bukata ta rairayi da duwatsu; waɗanda suke sassauke ta har ta kusa shafar ƙasa kuma suna da titunan da suka dace da hakan. Wanda ya sauke tasa a kan hanyoyinmu, ramin farko na damina zai fasa masa ƙasan inji. Wanda ya ɗaga bayanta fiye da kima, a irin mai ƙafar baya mai lilo, ya jawo wa kansa tayar da take lanƙwashewa ciki a kwana ta kifar da mota. Injin 1200 ƙarfin doki 34 yake da shi, na 1600 kuwa 50, birki da ƙafafun motar an auna su ne a kan wannan. Wanda ya ninka ƙarfin inji ya bar birki yadda yake ya zalunci kansa da duk wanda zai haɗu da shi a hanya. Ƙaramin fulin da ake sayarwa wai don ƙarin gudu rage juyawar fanka yake yi. Tukunyar tace iska ta asali, mai mai a gindinta, ba ta da kyawun gani, amma ita ce ta dace da ƙurar hunturu, 'yar mai ƙyalƙyalin da ake musanya ta da ita kuwa tana barin yashi ya shiga ya cinye ringi. Salansa mai tsawa kuma cutar da marasa lafiya ce da jarirai da masu salla, ba ni ganin wani uzuri gare ta.

Kada ku ɗauka aikin gida yana nufin aikin kaɗaici. Har yanzu akwai dattawan kanikawa da suka yi ƙuruciyarsu a kan wannan mota, suna jin ciwon inji da kunne tun kafin a buɗe murfi, yawancinsu kuwa babu mai tambayarsu yanzu. Ku neme su, ku je musu da ladabin almajiri, ku gaishe su da sunan baba, ku biya su haƙƙin lokacinsu, ku rubuta abin da suka faɗa, domin iliminsu ba a littafi yake ba. Kayan gyara kuwa ku yi sintiri a kasuwanni irin su Fanteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano, kuna riƙe da tsohon abin a hannu don gwadawa, kada kuma ku jefar da na asali sai sabon ya zauna ya yi aiki, domin sau da yawa tsohon ƙarfen Jamus da aka wanke ya fi sabon da ba a san maƙerinsa ba. Waldar ƙasan mota da aikin cikin inji mai bukatar awo ku kai wa ma'abotansu. In za a yanke bututun ƙarƙashin ƙofa ku tsaya a kai sai an tokare bakin ƙofar da ƙarfe tukuna, in ba haka ba bodin zai karkace, ƙofar ba za ta ƙara zama daidai ba.

Game da kuɗi, ku ƙaddara cewa abin da za ku kashe zai wuce lissafinku na farko, kuma da wuya ku mai da shi in kun sayar; don haka kada a ci bashi saboda ita, kada a taɓa kuɗin makaranta ko na cefanen gida, a yi ta da rarar abin hannu kaɗan-kaɗan, wata ya zo a sayi masta, wani watan a sayi taya. Fenti shi ne na ƙarshe, bayan an yanke tsatsa an sa sabon ƙarfe, domin tsatsar da aka binne a ƙarƙashin fila damina ɗaya ko biyu take yi ta kumburo. In kuma wata rana kuka tashi rabuwa da ita, littafin nan da kuka ajiye ku miƙa wa mai saye, ku nuna masa da yatsa inda aka yi walda da inda aka sa fila da abin da ya rage ba a gyara ba, domin ɓoye aibi a ciniki algus ne, algus a birki kuwa ya wuce cin dukiya ya shiga babin jini.

Ranar da ta tashi, kada ku cika ta da abokai ku hau babban titi. Ku sabunta takardunta da inshora tukuna, ku fita da sassafe ku kaɗai ko da bakanikenku, a hanyar da babu jama'a, ku gwada birki a tafiyar ƙafa, sa'an nan a gudu kaɗan, kuna lura ko tana ja gefe. Bayan 'yan kilomitoci ku tsaya ku buɗe baya, ku sunsuna ko akwai warin fetur, ku zaro gejin mai ku riƙe. In zafinsa ya hana ku riƙe shi, iska tana ɓacewa a wani wuri, ku koma gida ku nemo wurin. Ku kusantar da hannu ga kowace ƙafa ku ji wadda ta fi 'yan'uwanta zafi, ku sake ɗaure kusoshin tayoyi, washegari da safe ku sake auna tafet, ku canja mai da wuri in an buɗe cikin injin. Haka za ku riƙa ƙara nisa mako bayan mako, kuna rubuta abin da kuka gani, sai ta yi tafiyar Kano zuwa Zariya ta dawo cikin zafin rana ba ta ɗigar da kome ba, sa'an nan ku ɗauki mahaifiyarku da ƙannenku a ciki.